Wace doka ce ta ba kowace hukuma hurumi a titunan Zariya?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shari'a ce da waɗanda suka san aikin gwamnati a cikinmu.

Mai mota ko mai keke mai ƙafa uku da ya taso daga Samaru, ya biyo ta Kwangila da PZ, ya ratsa Tudun Wada har Ƙofar Doka, yana iya haɗuwa da kaki kala huɗu ko biyar kafin ya shiga Birni. Ga 'yan rod sefti, ga 'yan Kastiliya, ga 'yan sanda, ga masu maganar haraji, ga 'yan ƙungiya da tikitinsu a hannu. Wannan ya ce lasisi, wancan ya ce inshora, wani ya ce an tsaya inda ba a tsayawa. Direba dai ba ya iya bambance wanda yake kan aikinsa da wanda ya shiga gonar wani.

Wa ya kafa waɗannan hukumomi, kuma ta yaya? Idan gwamna ya yi sanarwa a rediyo cewa daga gobe an hana kaza, shi ke nan ta zama doka? Tasha ta wace ce, jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiyar direbobi? Sannan wa ke da ikon cin tara da tsare abin hawa? Don Allah a yi mana dalla-dalla, saboda matasanmu da yawa da keke da babur suke ci da gidajensu. Allah ya saka da alheri.

Lauyan Kongo:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar ta yi ma'ana, kuma amsarta daga kundin tsarin mulkin 1999 take farawa, domin shi ya raba titi gida uku.

Tarayya tana da jerin abubuwan da ita kaɗai ke yi wa doka, a kashi na farko na jadawali na biyu. A ciki akwai sufurin jiragen sama, da inshora, da gina manyan hanyoyin tarayya, da zirga-zirgar da ake yi a kansu. Shi ya sa hanyar da ta taso daga Abuja ta ratsa Kaduna da Zariya zuwa Kano ba ta jihar Kaduna ba ce, haka wadda ta nufi Funtuwa da Gusau. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a nan Zariya a 1964, da cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa da aka kafa a 1986, duk dokar tarayya ce ta haife su, majalisar jiha ba ta da ta cewa a kansu. Ƙaramar hukuma kuma jadawali na huɗu ya lissafa mata nata: kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, gyaran titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilu, da ba da lasisin abin hawan da ba shi da inji, irin su keken hawa da amalanke da baro da kwalekwale. Abin da ya rage a tsakani, wato rajistar motoci da duba lafiyarsu da tsara zirga-zirga a titunan jiha da kafa hukumomin da za su yi wannan aiki, na majalisar dokokin jiha ne ƙarƙashin sashe na 4(7). In dokar jiha ta ci karo da dokar tarayya da aka yi bisa ƙa'ida, ta tarayya ce ke rinjaye, ta jihar ta faɗi gwargwadon inda suka saɓa. Wannan sashe na 4(5) ke nan.

Yadda ake haifar hukuma kuwa, galibi ma'aikatar da abin ya shafa ce ke kawo shawara, ma'aikatar shari'a ta tsara ƙudirin, majalisar zartarwa ta amince, sannan gwamna ya aika da shi majalisar dokoki a Lugard Hall. Ɗan majalisa ma yana iya kawo nasa ƙudirin. A karatu na farko suna kawai ake karantawa. A na biyu ake muhawara kan manufar. Daga nan sai kwamiti, kuma a nan ne ake kiran jama'a su faɗi ra'ayinsu. Wannan ita ce gaɓar da ƙungiyoyin direbobi da masu keke suka fi yin sakaci da ita, alhali a nan ake sa adadin tara da sunayen hanyoyin da za a hana bi. Tun ran gini ran zane. Bayan karatu na uku sai a kai wa gwamna, kuma sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ce ya ƙi. In ya ƙi, majalisa tana iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu bisa uku, wato 23 cikin 'yan majalisa 34 na jiharmu, ya zama doka ba da hannunsa ba. Daga nan a buga a gazet, wato mujallar gwamnati da ake buga dokoki a ciki.

Saboda haka sanarwar rediyo ita kaɗai ba doka ba ce. Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum kan wani laifi sai in an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Rubutacciyar doka ta haɗa da dokar majalisar tarayya, da ta majalisar jiha, da ƙananan ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin ikon wata doka. Gwamna ko kwamishina yana iya ba da umarni mai ƙarfin doka, amma sai in akwai sashen da ya ba shi wannan dama, kuma ya tsaya iya inda sashen ya tsaya.

Duk wanda dokar kafa wata hukumar sufuri ta shigo hannunsa, ga inda ya kamata ya sa ido. Ya fara da sashen fassarar kalmomi, wanda mutane ke tsallakewa. A nan ake faɗin me ake nufi da "abin hawa", ko keke mai ƙafa uku yana ciki, da me ake nufi da "titi" da "jami'i mai izini". Shari'o'i da yawa a kan kalma ɗaya ta wannan sashe suke juyawa. Sai sashen kafawa, inda ake cewa hukumar tana da hatiminta, tana iya mallakar kadara, tana iya kai ƙara a kuma kai ta ƙara da sunanta. Sai majalisar gudanarwa: mutum nawa, wa ke naɗa su, shekara nawa za su yi, mutum nawa ne in sun zauna zaman ya halatta.

Sannan a bambance sashen ayyuka da sashen iko, domin ba abu ɗaya ba ne. Doka tana iya cewa aikin hukuma shi ne tabbatar da motoci masu lafiya ne ke bin titi. Wannan bai ba ta ikon ƙwace makulli ko jan mota zuwa ofis ba, sai in an rubuta hakan ƙarara a wani sashe, tare da yanayin da za a yi shi. Daga nan sai kuɗi, da ikon yin ƙa'idoji, da laifuffuka da tararsu, waɗanda aka saba jerawa a jadawalin ƙarshe. Can ƙasa kuma akwai sashen da ke soke tsohuwar doka, yana faɗin inda ma'aikata da kadarori da basussukan tsohuwar hukuma za su koma. In mai tsara doka ya yi sakaci da wannan sashe, sai a wayi gari hukumomi biyu kowace da takardarta a hannu, kowace kuma tana da gaskiya.

Hajiya Mai Fayil:

Barista ya shimfiɗa tabarma, bari in ɗora da yadda abin yake a jiharmu.

Ƙanena Ɗan Tudun Wada, hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi kowace hukuma wane irin aiki aka kafa ta ta yi, domin sufuri aiki iri-iri ne. Ma'aikata ita ke tsara manufa, kwamishina ke kai ta majalisar zartarwa. KADRA ita ke gina titunan jiha da gyara su. KADSTRA ita ce mai sa ido kan masu sana'ar sufuri: rajistarsu, izinin aiki, tsarin hanyoyi da wuraren lodi. KASTLEA, 'yan Kastiliya ke nan, su ne masu tabbatar da bin dokar hanya a kan titi. Da can sunan KASTELEA ne, har da kula da muhalli a ciki, kuma a ƙarshen 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rushe ofishin VIO na jihar, wato masu duba lafiyar motoci, aikin ya koma wuyansu. Kaduna Line, wadda har yanzu wasu ke kira KSTA, ita ce mai ɗaukar fasinja da motocin gwamnati. Kuɗi kuwa KADIRS ce mai karɓa. Kano tana da KAROTA, Legas tana da LASTMA, kuma a 2018 Legas ta tattara dokokinta na sufuri a kundi guda don rage karo tsakanin hukumominta.

Wannan rabo ba ado ba ne. Wanda yake jigilar fasinja yana neman riba bai kamata ya zama shi ne mai ba abokan gasarsa izini ba, in ba haka ba an ba kura ajiyar nama. Wanda yake kama mai laifi kuma bai kamata kuɗin tarar ya bi ta aljihunsa ba.

Maganar kuɗi ita ce zuciyar lamarin. Sashe na 120 na tsarin mulki ya ce kuɗin shigar jiha asusun jiha suke shiga, kuma ba a fitar da su sai da amincewar majalisa ta hanyar kasafi. Jiharmu ta koma asusun bai ɗaya a 2015, sannan dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun KADIRS ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi. Ma'anarsa, duk tarar da ta halatta tana da takarda mai lamba, ana biyanta ta banki ko ta hanyar biyan da gwamnati ta amince da ita, a fito da rasit mai sunan gwamnatin jiha. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu a gefen titi bai shiga asusun kowa ba, kuma laifin da aka ce an yi yana nan bai goge ba.

Abubuwan da ke lalata irin waɗannan hukumomi, a kowace jiha, sanannu ne. Na farko, a ɗora wa hukumar kiyaye doka adadin kuɗin da za ta kawo duk wata. Da zarar an yi haka, jami'i ya daina tsayawa a mahaɗar da ake cunkoso, ya koma kwanar da ya san za a yi kuskure. Ni a ganina wannan ya fi komai ɓata sunan ma'aikatan titi. Na biyu, a kafa hukuma a ƙi naɗa majalisar gudanarwarta shekara da shekaru, shugaba shi kaɗai ya riƙa yanke abin da doka ta ce majalisar ce za ta yanke. Irin wannan hukunci ana iya rushe shi a kotu. Akwai kuma dokar da za ta ce "hukuma za ta fitar da ƙa'idoji kan kaza", a shekara biyar ba a fitar ba, ma'aikata su riƙa aiki da takardar cikin gida wadda jama'a ba su taɓa gani ba. Ga matsalar kasafi: a rubuta kuɗin fenti da alamomin hanya da motar janwe, a saki rabi ko ƙasa da haka. Sai a ci tarar mutum kan ya tsaya inda aka hana, alhali babu allo, layin da aka shafa kuma damina biyu ta wanke shi.

Masu tsawatarwa suna nan a rubuce. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon binciken duk hukumar da ke aiwatar da dokar da ta yi ko take kashe kuɗin da ta ware. Sashe na 125 kuma ya sa babban mai binciken kuɗi na jiha ya ba irin waɗannan hukumomi jerin ƙwararrun da za su zaɓa su duba asusunsu, shi kuma ya yi sharhi kan rahoton. Ƙungiya tana iya rubuta koke ga kwamitin majalisa ta hannun ɗan majalisar mazaɓarta, da kwanan wata da wuri da lambar takardar tara. Koke mai lamba da kwanan wata ya fi ɗari marasa su.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya ƙara basira, Barista da Hajiya. To lasisin tuƙi fa? Tambarin tarayya ne a jiki, amma ofishin harajin jiha ake zuwa. Kuma maganar tasha har yanzu ba ta fito mini sosai ba.

Mai Lodin Funtuwa:

Malam, lasisi aikin hannu uku ne. Mai nema, wanda ya kai shekara 18, yana fara zuwa makarantar koyon tuƙi da FRSC, wato hukumar 'yan rod sefti, ta amince da ita, ta ba shi takardar shaida mai lamba. Da lambar zai cike fom a intanet, ya biya kuɗi. Jami'an gwajin tuƙi na jiha su gwada shi. Sai ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a wurin FRSC, a ba shi na wucin gadi mai kwana 60, na dindindin ya fito daga baya, na shekara 3 ko 5. Jiha ce mai ba da izinin, FRSC ce mai buga katin da ajiye bayanan don ya zama iri ɗaya a faɗin ƙasa. Lambar mota ma haka, shi ya sa kake ganin ZAR a jikin ta Zariya. Inda ake faɗawa rami shi ne a ba wani kuɗi da hoton fasfo ya kawo kati bayan kwana uku. Duk lasisin da ba a ɗauki yatsunka a kansa ba, ranar da aka buga lambarsa a kwamfuta ba za ta fito ba, ka yi asarar kuɗi ka kuma ƙara laifin riƙe jabu. Inshora ma haka take. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mai da mafi ƙarancin inshorar motar gida naira 15,000, mai biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, keke mai ƙafa uku 5,000, babur 3,000. Wanda ya sayar maka da takardar inshorar mota a naira dubu biyu, takarda kawai ya sayar maka.

Tasha kuma, kamar yadda Barista ya faɗa, a tsarin mulki ta ƙaramar hukuma ce. Filin da kuɗin shiga tasha nata ne, a nan ko dai Zariya ko Sabon Gari. Jiha tana shigowa ta fuskar tsari: ina ya dace a yi tasha, waɗanne sharuɗɗa za ta cika, wace mota ce ta cancanci ɗaukar fasinja. Ƙungiya ba gwamnati ba ce. NURTW ta direbobi ƙungiyar ƙwadago ce mai rajista ƙarƙashin dokar tarayya, RTEAN da NARTO na masu motoci ne. Abin da suke karɓa kuɗin ƙungiya ne daga 'ya'yanta, ba haraji ba. Amma a aikace su ke riƙe da tasha: su ke rubuta layi, wanda ya fara isowa ya fara lodi, su ke sasanta kuɗin mota, su ke cire kamasho, su ke rubuta sunayen fasinjoji da lambar wayar 'yan uwansu kafin mota ta tashi. Wannan takardar sunaye kada a raina ta. Ranar da tsautsayi ya faɗa a hanyar Gusau ko ta Jos, da ita ake sanin wa ke cikin motar.

Rikicin yana tasowa ne in doka ba ta shata iyaka ba. Direba ya biya kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, ya biya na ƙungiya, ya biya na jiha, kafin ya juya sitiyari an ci kuɗin fasinja ɗaya ko biyu. Me zai yi? Ƙaramar motar da aka yi wa mutum huɗu sai ya sa biyu a gaba huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya. Ko ya guje wa tashar gaba ɗaya ya koma lodin gefen titi a ƙarƙashin gada, inda babu layi babu takardar sunaye. Jami'i ya kama shi da laifin lodi fiye da ƙima, kuma da gaskiyarsa, amma tushen abin yana can a yawan tikiti. Dokar da za ta gyara wannan ita ce wadda za ta ce tikiti ɗaya a rana, a rubuta kason kowa a cikinta, a kuma manna farashin a ƙofar tasha.

Masu keke da babur su lura: da yake abin hawansu yana da inji, lasisinsa ba ya cikin wancan jerin na baro da amalanke, rajistarsa ta jiha ce. Kuma jiha tana da ikon hana su wasu hanyoyi ko wasu garuruwa in ta bi ta majalisa, kamar dokar 2014 ta zamanin Gwamna Ramalan Yero da ta hana acaba a manyan garuruwan jihar. Halaccin doka daban, yiwuwarta daban. Lungunan cikin Birni bas ba ta shiga, mai jego da ta fito daga asibiti da yamma kuma dole wani abu ya kai ta ƙofar gida. Duk dokar hani da ba ta zo da madadi ba, kamen wata biyu ake yi a koma gidan jiya.

Lauyan Kongo:

Alhaji Mai Lodi ya yi daidai. Saura tambayar ƙarshe, ta tara da tsare abin hawa, kuma a nan ne shari'a ta fi motsi a 'yan shekarun nan.

FRSC an kafa ta a 1988, dokar da take aiki da ita ta 2007 ce, da ƙa'idojin hanya na 2012. Jadawalin dokar 2007 ya sa wa kowane laifi kuɗinsa: rashin ɗaura bel naira 2,000, waya a hannu ana tuƙi 4,000, rashin lasisi 10,000, lodi fiye da ƙima 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Gudun da aka yarda wa ƙananan motoci da bas a cikin gari kilomita 50 ne a awa, a babbar hanya mai tagwaye motar gida 100, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Jami'i ba ya ƙirƙirar adadi a bakinsa. Haka dokar jiha take, kowane laifi da kuɗinsa a rubuce, kuma mai abin hawa yana da damar a nuna masa laifin da aka rubuta a takardar.

Takardar tara ba hukuncin kotu ba ce. Tayi ne: in ka amsa laifi, biya wannan ka huta da shari'a. In ba ka amsa ba, sashe na 36 ya ba ka damar a saurare ka gaban kotu. Kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a gefen hanya kotu ce ta gaske in majistare ne ke zaune a kanta, kana iya cewa ba ka yi ba, kana iya neman lauya, kana kuma iya ɗaukaka ƙara. Teburin da babu majistare a kansa ba kotu ba ne ko an kira shi da sunan.

Hukunci biyu sun shahara, kuma ana yawan yi musu gurguwar fahimta. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara da ke Asaba ta ce hurumin FRSC a kan hanyoyin tarayya yake, ba titunan jiha da na ƙananan hukumomi ba. A Oktoban 2024 kuma babbar kotun tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO na babban birnin tarayya ba su da ikon tare motoci ko tsare su ko cin tara, saboda babu dokar da ta ba su wannan iko. Sai wasu suka ɗauka an hana duk wani mai kaki tare mota a Najeriya. Ba haka ba ne. Dalilin hukuncin Abuja rashin doka ne a can. Jihar da majalisarta ta yi doka ta rubuta ikon a ciki, matsayinta daban, sai dai a ƙalubalanci dokar kanta ko a nuna jami'in ya wuce abin da ta ba shi. Kada wani matashi ya ɗauki labarin da ya gani a Facebook ya je yana ja da jami'i a PZ.

Wanda yake ganin an zalunce shi, kada ya yi faɗa a titi, domin hana jami'i aikinsa laifi ne mai zaman kansa, sau da yawa ma ya fi na farkon nauyi. Ya karɓi takardar. Ya rubuta suna ko lambar da ke ƙirjin jami'in, da wuri da lokaci. Ya ɗauki hoton wurin, musamman in babu allo ko alama. In an ja abin hawan, ya nemi a rubuta abin da ke ciki da yanayin jikinsa kafin a rufe get, ya kuma tambayi ko akwai kuɗin ajiya na kullum, don kwanaki suna tara shi. In sana'arsa ba za ta jira ba, yana iya biya ta banki ya rubuta wasiƙa cewa ya biya ne ba don ya amsa laifi ba, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Daga nan sai koke a rubuce ga shugaban hukumar.

In za a je kotu, a kula da tarko biyu. Yawancin dokokin kafa hukumomi suna cewa sai an ba hukumar sanarwa a rubuce kafin a shigar da ƙara, galibi wata ɗaya, da bayanin mai ƙara da abin da yake nema. Sannan dokokin kare ma'aikatan gwamnati sun saba sa wa'adin wata uku daga ranar da abin ya faru. Mutum ya yi wata biyu da rabi yana bin manya a roƙa masa, ya zo wurin lauya saura sati biyu, ga sanarwar wata ɗaya ba a bayar ba. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin ƙa'idojin 2009 ba ta da wannan wa'adi, amma ba kowace rigimar mota ce ke shiga ta wannan ƙofa ba, lauya ne zai duba.

Hajiya Mai Fayil:

Ƙari ɗaya, Barista, don kada masu tsohon kwafin tsarin mulki su ruɗe. Za su ga jirgin ƙasa a jerin tarayya zalla, kuma haka yake tun dokar hukumar jiragen ƙasa ta 1955. Amma a Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya mai da shi jerin da tarayya da jiha ke tarayya a kai. Yanzu majalisar jiha tana iya yin dokar layin dogo na cikin jiharta. Tsohuwar tashar jirgi ta Sabon Gari da sabon layin Kaduna zuwa Kano da ya biyo ta Zariya suna nan a hannun tarayya, tunda sun haɗa jiha da jiha.

Ƙanena, in ƙungiyar masu kekenku tana son kwafin dokar KASTLEA ko ta KADSTRA, sakatarenku ya rubuta wa ma'aikatar shari'a ta jiha ko akawun majalisa, ya nemi wadda aka buga a gazet tare da duk gyaran da aka yi mata daga baya da ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashinta. Ya duba shafin farko ya ga lambar doka da ranar da ta fara aiki, sannan a buga jadawalin laifuffuka da tara a manna a ofishin reshe inda kowa zai gani.